Yaƙi, alƙaluma ko tikitin kasuwa: wace hanya ɗalibin Maraɗi zai bi ya binciki gina ƙasa?

Ɗalibin kimiyyar siyasa da ya kai matakin rubuta kundin mastar, idan ransa ya kwanta da batun yadda ake gina ƙasa, da abin da yaƙi ke yi mata, da dalilin da ya sa ci gaba ke sauka wani wuri ya tsallake wani, zai tarar da hanyoyi uku a gabansa. Ba lallai malaminsa ya ce masa uku ne ba, domin kowane malami wadda ya bi ita ya fi sani. Amma suna nan, kuma wadda ka ɗauka ita za ta yanke maka littattafan da za ka karanta, da kuɗin da za ka kashe, da inda za ka kwana lokacin bincike, har da irin aikin da za ka nema bayan ka kare kundin. Ina rubuta wannan domin ƙannenmu ƴan jihar Maraɗi da ke karatu a Yamai, ko Tawa, ko Damagaram, ko tsallaken iyaka a Katsina da Zariya, masu son yin bincike a kan gida.

Zan faɗi inda na tsaya tun da wuri. Ga mafi yawan ɗalibanmu, tambayar da ta fi daraja tana wajen masu nazarin yaƙi, amma amsarta sai an je wajen mutane an zauna. Masu aiki da alƙaluma suna da nasu matsayi, sai dai hanyarsu ba ta kowa ba ce.

Hanya ta farko ana jingina ta ga Charles Tilly, masanin Amurka da ya rubuta a 1975 cewa yaƙi ne ya gina ƙasa, ƙasa kuma ta yi yaƙi. Maganar gajera ce, shi ya sa ɗalibai ke son ta, amma bayanin da ke bayanta ya fi ta amfani. A Turai wajajen 1500 akwai masarautu da birane masu cin gashin kansu kusan 500. Kafin 1900 sun koma kamar 25. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka iya ɗaukar nauyin yaƙi. Sarki yana bukatar dakaru, dakaru suna bukatar albashi da makami, kuɗin kuwa sai an tatso su daga talakawa da attajirai. Karɓar haraji duk shekara ba ya yiwuwa sai an ƙidaya mutane, an rubuta gonaki, an naɗa ma'aikata, an buɗe baitulmali. Su kuma waɗanda ake tatsa ba su miƙa dukiyarsu haka kawai ba. Sun ja daga, aka yi ta ciniki, har aka ba su majalisa da kotu da wasu haƙƙoƙi. Ƙarni bayan ƙarni ana wannan jan-in-ja, aka wayi gari da abin da muke kira gwamnati. A maƙalarsa ta 1985 ya ƙara da abin da ya fi ɗaci: masu kafa ƙasashen nan da farko ba su da wani bambanci sosai da ɗan daban da ke karɓar kuɗinka don ya kare ka daga sharrin da shi ne tushensa.

Ɗan Maraɗi ba ya bukatar zuwa Turai kafin ya gwada wannan magana, don sarautar garinsa a fagen daga aka haife ta. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, kuma wajajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi da sunan Sarkin Katsina, sunan da magadansa ke amsawa har yau. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda suka kwanta dama a wurin, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri nan kusa da mu. Daga lokacin har ƙarshen ƙarnin hari bai yanke ba, ko mu kai ko a kawo mana. Matafiyin Jamus Heinrich Barth da ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 ya tarar dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina ba a shigarsa sai da shiri, saboda mahara. M. G. Smith ya yi rubutu a 1967 a kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, daga 1854 zuwa 1875. Yusufu Bala Usman kuma, a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina, ya ƙi yarda a taƙaita labarin a ce faɗan Haɓe da Fulani ne kawai.

To, shekara kusan 80 ana yaƙi, Maraɗi ta samu irin hukumar da Tilly yake nufi? Tsari dai akwai shi: Sarki, da rukuni huɗu masu zaɓensa, Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka, ga Iya mai riƙe da sha'anin mata da bori. Amma yaƙin da ake ci da ganima da bayi daban yake da wanda ake ɗaukar nauyinsa da haraji. Ganima tana shiga hannun wanda ya kai harin tun kafin ta iso fada, saboda haka jarumi take ƙarfafawa fiye da baitulmali. A ƙarshen ƙarnin Ƙaura Hasau ya fi sarkin da yake yi wa aiki ƙarfi, gidan sarauta ya rabu, wani reshe ya koma Tasawa. Yanzu dubi Damagaram a zamanin Tanimu, daga 1851 zuwa 1884: ga ganuwa, ga igwa da ake ƙerawa a gida, ga ƴan bindiga, ga bayin sarki riƙe da muƙamai, ga kuɗin da ayarin Tarabulus ke shigowa da su. Maƙwabta biyu a zamani ɗaya, kowacce cikin yaƙi, ɗaya ta tattara iko a fada, ɗayar kuma ikonta ya watse hannun sarakunan yaƙi. Me ya raba su? Wannan tambayar kaɗai ta isa kundi, kuma kundin da zai iya gaya wa masanan duniya abin da ba su sani ba maimakon ya maimaita musu maganarsu.

Sai dai aikin yana da tsada, kuma ba kuɗi kaɗai nake nufi ba. Kana bukatar Faransanci don rahotannin kumandojin mulkin mallaka da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, da Ingilishi don Smith da Bala Usman da takardun Kaduna, da Larabci ko ajami don rubuce-rubucen hannu da ke cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Wasu takardun suna Dakar, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa. Abin da ke kusa da kai shi ne bakin mutane: makaɗan fada, da masu sarauta, da tsofaffin Tsibiri da Madarunfa da Gazawa. Shi ma sai da taka-tsantsan, don kowane gida yana ba da labarin yadda kakansa zai fito da girma. Kuma ka shirya wa ranar kare kundi, inda wani malami zai ce maka wannan aikin sashen tarihi ne. Amsarka tana cikin kwatancin: in ka tsaya ga ba da labari, ya yi gaskiya; in ka nuna dalilin da ya sa yaƙi ya haifi abu biyu daban, kana cikin fanninka.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su ɗauko Tilly su ɗora wa Nijar ta bayan 1960 yadda yake. Shi kansa ya yi kashedi cewa sojojin ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka daga waje suke samun makami da horo, ba su ƙulla wani ciniki da jama'arsu ba. Miguel Centeno ya nuna a 2002 cewa ƙasashen Latin Amurka sun yi yaƙe-yaƙe, amma da bashi da kuɗin shigo da kaya suka yi su, sai aka tashi da jini da bashi ba tare da hukuma mai ƙarfi ba. Mu ma muna da namu misalin. Zamanin Turawa da na Diori Hamani, gwamnati da lanho, wato harajin kai, da jangali da gyaɗa take rayuwa. Kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi ke riƙe da cinikin gyaɗar. Da aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, kuɗi suka soma shigowa ta wata ƙofa, har Seyni Kountché ya soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970. Talaka ya huta, kuma duk wanda ya ji labarin yadda ake karɓar lanho cikin farin 1973 ba zai yi baƙin cikin sokewar ba. Amma akwai abin tambaya a ciki: gwamnatin da ta daina dogara da aljihun manomi, me zai sa ta ci gaba da sauraron manomi?

Jeffrey Herbst, a littafinsa na 2000, ya zo da bayani na daban. Ya ce a Afirka ƙasa ce ke da yawa mutane suka yi kaɗan, wanda sarki ya matsa masa sai ya tashi ya sari wani daji, ga shi kuma tun ƙudurin Alƙahira na 1964 an amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada, don haka ba gwamnatin da ke tsoron maƙwabciya za ta haɗiye ta. Ya sa Nijar a sahun Mali da Cadi da Muritaniya, ƙasashe masu faɗin hamada da jama'a a gefe guda. Bayanin ya zauna wa Agadas da Difa. A nan kuwa yana ɗingishi: ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum 3,402,094 a kan murabba'in kilomita 41,796, wato sama da mutum 80 a kowace murabba'in kilomita, alhali ƙasar gaba ɗaya ba ta kai 14 ba. Dajin gudu ya ƙare, gona ta yi ƙaranci. Rikicin ƙauyen Toda na 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, daga matsin ƙasa ya fito.

Sannan ga yaƙin da ke bakin ƙofarmu yau. Tun wajajen 2017 gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji ke fama da satar shanu da garkuwa da mutane, dajin Baban Rafi ya zama abin tsoro, a 2019 dubban ƴan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Mancur Olson ya raba ɓarayi gida biyu a 1993: mai wucewa, wanda ke kwashe komai ya tafi, da mai zama, wanda ke barin ka noma don ya samu abin karɓa baɗi. Raúl Sánchez de la Sierra ya gwada wannan a gabashin Kwango, ya buga sakamakon a 2020. Ya gano cewa da farashin ma'adinin koltan ya tashi a 2000, ƴan bindiga sun kafa sansani a bakin ramukan suna karɓar haraji suna ba da tsaro. Zinariya kuwa da yake ana iya ɓoye ta, sai suka koma ƙauyukan da ake kashe kuɗinta suna ɗora wa mutane harajin kai. Wanda ya ji yadda ake aza wa ƙauyuka kuɗin noma a tsallaken iyaka ya san wannan magana ba ta Kwango kaɗai ba ce.

Amma ina roƙon ƙannena da babbar murya: kada wanda ya shiga daji don kundi. Ba digirin da ya kai ran mutum, kuma ɗalibin da ke yawo yana tambayar wa ke biyan wa, ƴan bindiga za su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, jami'an tsaro ma haka.

Hanya ta biyu ita ce ta alƙaluma, kuma ita ce ke tashe a manyan jami'o'in Amurka da Turai. Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson sun nuna a 2001 cewa irin hukumomin da Turawa suka kafa a ƙasashen da suka mallaka suna tafiya da arzikin ƙasashen har yau, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2024. Stelios Michalopoulos da Elias Papaioannou kuma, a 2013, sun ɗora taswirar ƙabilun Afirka ta George Murdock ta 1959 a kan hoton hasken lantarki da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare, suka ce yankunan da suka daɗe da sarauta mai tsari sun fi haske. Kayan aikin wannan hanya da yawa kyauta ne a intanet: ACLED mai tattara rahotannin tashin hankali, Afrobarometer da ke jin ra'ayin ƴan Nijar tun 2013, da alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Da kwamfuta da manhajar R ko Stata kana iya gama kundinka ba ka taka tashar mota ba. Ga wanda ke da burin digirin dakta a waje, ko aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, wannan ƙwarewa tana buɗe ƙofa fiye da sauran biyun.

Ƙorafina a kanta biyu ne, kuma ɗan Maraɗi ya fi kowa damar ganinsu. Na farko, alƙaluman abin da aka ba da rahotonsa suke ɗauka. Iyalin da aka sace wa ɗa a wani ƙauyen Gabi ko Safo, suka sayar da shanu da gona suka biya fansa a ɓoye don kada a kashe shi, ba su shiga lissafin kowa ba. Cibiyar tattara alƙaluman yaƙi ta jami'ar Uppsala a Suwidin ba ta ƙirga rikici sai ya ci rai 25 a fagen faɗa cikin shekara. Da wannan ma'auni, yankin da manoma suka daina kwana a gidajensu yana iya fitowa a taswira lafiya lau.

Na biyu ya fi zurfi. Masu wannan hanya suna son iyakokin Afirka, saboda suna ɗauka Turawa sun ja su ne ido rufe, don haka in ka kwatanta ƙauyen da ke wannan gefe da na wancan, duk bambancin da ka gani na mulkin da aka yi musu ne. William Miles ya yi irin wannan kwatanci da ƙafarsa, tsakanin Ƴardaji ta Najeriya da Yekuwa ta Nijar, a littafinsa na 1994. Amma iyakar da ke tsakaninmu da Katsina ba ido rufe aka ja ta ba. Yarjejeniyar 1898 ta bar Maraɗi a ɓangaren Ingila. Faransawa suka matsa don suna son hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, yarjejeniyar 1904 ta sauko da layin kudu, har ta ambaci a bar wa Faransa mutanen ƙasar Tasawa da Maraɗi da Damagaram, aka ƙarasa gyaran a 1906. Ashe layin ya bi sawun tsohuwar gabar da ke tsakanin daular Sakkwato da waɗanda suka ƙi bin ta. Bambancin da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya wani nasa ya girmi zuwan Bature. Ɗalibin da ya san wannan zai iya gyara wa manyan masana lissafinsu. Wanda bai sani ba zai fitar da tebur mai kyau a kan tushe mara ƙwari. Kuma in ba ka da malamin da ya iya wannan lissafi da gaske, kada ka fara. Rabin sani a nan ya fi rashin sani haɗari.

Hanya ta uku a gida take. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, inda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou da abokan aikinsu suka yi suna, ta ɗauki wata tambaya mai sauƙin faɗi: bar abin da doka ta ce, yaya gwamnati ke aiki a zahiri, a asibiti da kotu da ofishin duwan da ma'aikatar magajin gari? Sun lura cewa ma'aikacin da ya kauce wa dokar takarda ba a cikin ruɗu yake aiki ba, akwai wasu ƙa'idoji da ba a rubuta ba waɗanda kowa a wurin ya sani yake kuma bi. Aikin mai bincike shi ne ya gano su. Tun kafin su Emmanuel Grégoire ya yi irin wannan zama da alhazan Maraɗi, littafinsa ya fito a 1986, ya nuna yadda gyaɗa, da yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, da fiton kaya ta iyaka suka gina attajiran garin, da yadda suke hulɗa da hukuma.

Ka je kasuwar mako ta wata ƙaramar hukuma ka zauna kusa da mai karɓar haraji da ɗan littafin tikitinsa. Mai ƙuli-ƙuli za ta kwance bakin zane ta miƙa kuɗi, a yaga mata tikiti ta soke shi ƙarƙashin faranti. Wani zai ba da rabi ba a yaga komai ba, su biyun sun san abin da hakan ke nufi. Dillalin da ya daɗe a wurin gaisawa kawai za su yi. Baƙon da ya zo da buhunan gero a amalanke shi zai biya cikakke. Kafin la'asar ka ga wanda hukuma ke iya tatsa, da wanda take jin nauyinsa, da wanda take tsoro. In ka bi tikitin nan har inda kuɗin suka kwana, ka tambayi mai ƙuli-ƙuli abin da take ganin an yi mata da su, to tambayar Tilly kake yi, a wurin da ƙafarka za ta iya kaiwa.

Lokacin ma ya dace. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, aka rusa majalisunsu a watan Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo, don haka akwai shekara 20 na takardun kasafi da za a iya dubawa. Sarakuna da masu gari suna cikin tsarin mulki bisa dokar 2015, kuma ta hannunsu harajin ƙaramar hukuma ke bi. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowane rufi ya sauya wanda ke karɓar kuɗi a hanya. A watan Oktoban 2023 an kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, aka fara cire dala biyu a kiran waya, ana cirewa a man fetur da tikitin mota. Gwamnati ce ke juyowa ga aljihun jama'arta da sunan tsaro bayan tallafin waje ya ja baya, abin da littattafan nan suka daɗe suna muhawara a kai. Ko jama'a za su nemi a yi musu bayanin kuɗin, ko hakan zai haifi wani sabon ciniki tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, bincike ne zai nuna, kuma ɗan ƙasa ya fi cancanta ya yi shi.

Har batun ci gaba wannan hanya tana ganin abin da sauran ke tsallakewa. Sassaben zamani da ya faro a yankin nan a shekarun 1980, manoma suna barin kututture ya tofo suna renonsa har gonaki suka sake cika da itatuwa, ya bunƙasa ne lokacin da hannun ma'aikatan gandun daji ya sassauta, manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne. Wanda ke auna ƙarfin hukuma da yawan jami'ai da tara zai rasa yadda zai bayyana wannan.

Rauninta ba ɓoyayye ba ne. Kundi da yawa na wannan hanya suna ƙarewa a tarin hirarraki, wane ya ce, wance ta ce, ba a san abin da aka tabbatar ba. Abin da ka gani a ƙauye ɗaya ba hujja ba ce a kan ƙasa. Zamanka ɗan gida kuma kaifi biyu gare shi: Hausarka za ta sa tsoho ya saki jiki ya gaya maka abin da ba zai gaya wa mai tafinta ba, amma akwai abin da ka saba gani tun kana yaro har ba ka ɗauke shi abin tambaya ba, akwai kuma wanda ba za a gaya maka ba don an san ɗan gidan wane ne kai. Mata ɗalibai suna da wata dama a nan da maza ba su da ita, don su ke iya shiga cikin gida, kuma aikin Barbara Cooper na 1997 kan aure a Maraɗi ya nuna yawan abin da ake koya game da mulki da dukiya daga bakin mata.

Maganin raunin shi ne kwatanci. Ɗauki ƙananan hukumomi biyu masu kama da juna a yawan jama'a da sana'a, ɗaya a kudu inda ƴan bindiga suka addaba, ɗaya wajen Agye ko Mayahi inda abin ya yi sauƙi. Nemi adadin harajin da aka tsara da wanda aka karɓa a kowacce, shekara bayan shekara, daga kafin matsalar zuwa yau. Sannan ka tambayi mutane: tun da tsoro ya shigo, wa kuke ba kuɗi, mai gari, ko ƴan sintiri, ko masu fansa, ko hukuma, kuma wa kuke kira in dare ya yi? Waɗanda suka baro ƙauyukan kudu suna nan cikin birni da garuruwan bakin titi, kana iya zama da su ba ka kusanci daji ba. Kuɗin mota da na kabu-kabu da goron gaisuwa su ne jarin, kuma wata uku zuwa huɗu na zama da gaske sun isa kundin mastar.

Saboda haka, mai Larabci da haƙurin zama da tsofaffin takardu ya ɗauki Maraɗi da Damagaram na ƙarni na 19. Mai ƙarfi a lissafi, da malamin da zai duba masa, da niyyar fita waje, ya bi alƙaluma, amma ya karanta tarihin iyakar kafin ya buɗe kwamfuta. Sauran, kuma su ne masu yawa, su bi sawun haraji da kuɗin tsaro a ƙananan hukumomi biyu. Wanda ya zaɓi wannan ya karɓi takardar izinin bincike daga jami'arsa, ya gabatar da kansa ga shugaban gunduma da sarkin yankin kafin ya yi wa kowa tambaya ko ɗaya. Sunan wanda ya gaya maka nawa aka biya fansa, da sunan ƙauyensa, kada su shiga kundin, kada kuma muryarsa ta kwana a wayar da za ka ratsa shingen bincike da ita.